Mai Shela da Hanyar Masu Ƙafa

Ran nan ina zaune bakin tasha wani saurayi ya wuce a keke mai taya uku, ya ɗaure lasifika a rufi, murya tana fita tana kiran mata su kai yara allura, shi kuwa yana danna waya yana cin gyaɗa. Muryar ma ba tasa ba ce, ɗauka aka yi aka sa masa a kati. Ya kewaya gari ya koma ya ce ya yi shela. Haka ku yaran yanzu kuka ɗauki sana'ar nan, a buɗe baki a yi ihu a wuce gida. Ganin kitse kuke wa rogo. Ni na fara shela a Diffa tun garin bai kai rabin haka ba, kuma sai da gemuna ya fara fari kafin in gane cewa ihun shi ne mafi sauƙin abin da ke cikinta.

Aikin farko da na yi ni kaɗai cigiyar raƙumi ce. Ubangidana Ba Kacalla, wani tsohon Babarbare mai ganga da muryar da ake ji har hayin kogi, shi ya tura ni ranar kasuwa. Na hau kan tarin buhunan tattasai na fuskanci iska, na zuba bayani tun daga launin raƙumin har tambarin da ke wuyansa. Ba wanda ya waiwayo. Da na dawo ya tambaye ni ko iska ce ta ɓatar da raƙumi, tunda ita na tsaya ina yi wa bayani. A ranar ya koya mini in ba iska baya. Ya koya mini kada in fara da maganar da ta kawo ni, domin kalmomin farko zubewa suke yi, sai a ɓata su a gaisuwa har kunnuwa su juyo. In faɗa da Barbarci, in maimaita da Hausa, in akwai masu nono in taɓa Fulatancin da na iya. Kada in tsaya kusa da masallaci ana alwala, in tsaya bakin rijiya, don abin da mata suka ji ya riga ya shiga kowane gida.

Babbar dokarsa kuwa guda ce: mai shela ba shi da magana tasa. Kafin komai ka ambaci wanda ya aiko ka, sannan ka ce "an ce in gaya muku". In abin ya tabbata, madalla. In ƙarya ce, ba kai ka yi ta ba, ɗauko ta ka yi. Da wannan garkuwa na yi shelar rabon iri da ba a raba ba, na yi shelar zuwan baƙin da ba su zo ba, na tara mutane a rana tun hantsi har la'asar suna jiran wanda ya riga ya juya daga Maine. Ba a taɓa jifana ba. Washegari in na ɗaga murya, sai a fito a saurara kamar jiya ba a yi komai ba.

Kayan aikina ba yawa. Da ganga ta wuce sai na sayi megafon, lasifikar nan ta hannu, mai fari da ja, wanda in pil ɗinsa, wato batura, suka yi sanyi sai in jera su a rana su ɗan farfaɗo. Sai keke, sai ƙullin kanwa da citta a aljihu saboda maƙogwaro. Ruwan sanyi na rabu da shi tun ina saurayi. Wanda bai taɓa tuƙa keke da hannu ɗaya cikin rairayi yana riƙe da megafon a ɗayan ba, yana kuma ƙoƙarin kada numfashi ya yanke masa tsakiyar sunan Bulama mai gari, kada ya ce mini ya san aikin.

Shekarar da tashin hankali ya ƙetaro kogi ita ce shekarar da aiki ya yi mini yawa kuma ya fita raina. Mutanen bakin kogin Komadugu suka bar garuruwansu suka zo suka kafa rumfunan kara da leda a gefen gudron, wato titin kwalta. Aka hana moto, wato babur, kuma ni da bakina na yi shelar, an ce in gaya musu na gaya musu. Ƴan kabu-kabu suka jingine injin suka koma keke. Mai zuwa gona, mai zuwa lakol ɗaukar karatu, mai kai mara lafiya, mace da kwanon tattasai a ka da goyo a baya, duka suka hau gudron guda, wanda dama gefensa ya zaizaye kamar ɓera ya ci tabarma. A kansa kuma kamiyo, manyan motocin kaya, ke bi, da fararen motocin kat-kat na ƙungiyoyi masu doguwar eriya waɗanda in ka ga gudunsu sai ka ce rai za su je su ceto, alhali taro za su, a zauna a sha lemo. Mai keke in ya ji oda a bayansa zaɓi biyu gare shi, ko ya faɗa rairayi da kayansa ko ya tsaya a ga ƙarfin hali. A lokacin shelar rasuwa ta fi kowace shela yawa a bakina.

Ɗaya daga cikinsu ta Grema ce, wani tsohon ɗan kabu-kabu da ke zaune a wani gari gab da Assaga. Ya ɗauro buhun tattasai a keke zai kawo kasuwa, kamiyo ta goge shi ta wuce. Matarsa Ya Bintu ita ta aiko in sanar da ƴan uwansa na cikin gari. Na yi, na manta. Bayan ta fita takaba sai ga ta a ƙofar gidana da ƙafa fari fat da ƙura, ta zo ta gudron ɗin da ya cinye mijinta, don ba wata hanyar. Mace ce gajera mai kaifin baki, sana'arta tsince tattasai a kasuwa. Ta ce akwai tsohuwar hanyar ƙafa ta bayan lambuna, wadda ƙaya ta rufe, manoma kuma suka ɗan ci gefenta. In aka share ta aka daddaɓe, mai ƙafa da mai keke za su zo Diffa ba su haɗa hanya da mota ba. So take in tara mata mutane.

Na yi mata tambayar da nake yi wa kowa: in ce wa ya aiko ni?

"Ka ce ni," in ji ta.

"Ya Bintu, in na ce ke, tsofaffin mata huɗu za su fito, biyu ma don su ga ko kin rame ne."

Ba ta yi fushi ba, ta san gaskiya ce. Muka je wa Bulamansu. Ya ce magana ce mai kyau, Allah ya yi albarka, amma a irin wannan lokaci ba ya so a ji sunansa ya tara jama'a. Muka shiga ofisoshi. Na farko suka ce gudron ne nasu, abin da ke gefensa ba nasu ba ne. Na biyu suka ce gefen gudron nasu ne amma bayan lambuna na wasu ne. Wata ƙungiya ta ji daɗin maganar ƙwarai har ta shirya taro a kanta a wani ɗaki mai sanyi, aka raba riguna masu hoton keke, aka yini ana tattauna amfanin tafiya da ƙafa. Da aka tashi na leƙa waje, duk wanda ya yi jawabi direba na jiransa. Ni da Ya Bintu muka dawo da rigunanmu, tata har gwiwa.

A hanyar dawowa ta ce mini, ba tare da ta dube ni ba, shekara nawa ina ɗaukar maganar mutane kamar jakin haya, ashe ni ba ni da tawa ko guda. Maganar ta yi mini zafi ƙwarai. Washegari na sa pil sababbi na tafi garinsu, na tsaya bakin famfo, na ba iska baya, na yi gaisuwa har kunnuwa suka juyo. Inda ya kamata in ambaci mai aike sai na ce ba wanda ya aiko ni, yau ni ne nake magana. Mutane suka fito fiye da yadda suke fitowa ranar rabon shinkafa, don dai su ga ko na haukace.

Daga nan na bi garuruwan da ke kan layin, ina kiran gayya. Mutane ba su yi wuya ba, kusan kowane gida akwai wanda ya taɓa faɗawa rairayi don tsira da rai. Wuyar tana wajen masu lambu, don hanyar sai ta ci gefen gonakinsu. Mafi taurin kai shi ne Ba Ari, wani dattijo da lambunsa ke daidai tsakiya, inda ba yadda za a kewaye. Tattasansa ake kwatance da shi a duk kwarin Komadugu. Ya zaunar da ni gindin injin ban-ruwansa ya ce shi ba ya rowar ƙasa ga mai ƙafa, amma ya san halin hanya: yau ka ba ta kamu ɗaya, gobe mota ta zo ta ce nata ne, jibi ƙura ta kashe maka fure. Ya tambaye ni wa zai tsaya masa cewa taya mai injin ba za ta taka gonarsa ba, komite ko Bulama ko masu riguna.

Na ce, "Ni na tsaya, Ba Ari. Ni na ce."

Ya dube ni sama da ƙasa. Sannan ya ce tun ina yaro yake jin muryata, bai taɓa jin na ce "ni" ba, don haka zai gwada ya ga nauyinta. Da hannunsa ya tuge layi biyu na tattasai mai fure. Magana zarar bunu ce, na san hakan tun kafin in rufe baki.

Aikin kansa ya yi kyau, ba zan rage masa komai ba. Maza suka sare ƙaya, mata suka ɗebo laka daga fadama a kwanoni, aka shimfiɗa a kan rairayi aka yayyafa ruwa aka daddaɓe. Inda ƙasa ta yi laushi aka fara jera kara a ƙasa. Dabarar da ta fi duka ta Ya Bintu ce. Ta ce hanya ba ta da baki balle ta kori mota, sai a yi mata haƙora. Aka samo kututturan goruba aka kafa biyu-biyu a kowace mashiga, aka binne su da zurfi. Faɗin tsakaninsu ba da igiya aka auna ba. Aka kawo jaki da mangala cike, aka kawo keke da buhu a gicciye, inda suka wuce da ƙyar nan aka tsaya. Masu amalanke suka yi ta ƙorafi, ta ce musu su ma in sun ga kamiyo ai gefe suke yi, su bar wa na ƙasa da su wuri ɗaya. Muka yi wata da watanni yara na zuwa lakol a jere suna waƙa, ni kuma shelar rasuwa ta ragu a bakina.

Da a nan aka tsaya da yanzu ba ni da labari. Amma mu abin kirki ba ya zama abin kirki a wajenmu sai an buɗe shi. Tun da farko an ce mu kafa komite, muka kafa, shugabansa wani Alhaji mai sayen tattasai wanda rabonsa da taka ƙasa mai nisa tun Safa da Marwa. Shi ya ga bai dace a ce an yi irin wannan aiki ba wani babba ya zo ya sa albarka ba. Aka gayyato wani babba, ya amsa. Aka sa runfa a tsakiyar hanya, daidai lambun Ba Ari, don can ne ya fi kore, hoto zai fi kyau. Ni aka ba shelar, na kuwa yi ta da murna.

Ranar bikin na iso da hantsi na tarar da ramuka biyu a mashigar gari, kututturan suna kwance a gefe. Na tambaya, aka dube ni kamar na tambayi dalilin da ya sa ake yi wa baƙo shimfiɗa. Baƙonka annabinka. Mutum mai daraja ya taso takanas don mu, sai a sauke shi a bakin hanya a ce ya taka da ƙafa cikin rana, da babbar riga, har wajen runfa? Me za a ce da mu? Aka ce na yini ɗaya ne, da ya tafi za a mayar. Haka babban baƙo ya shigo hanyar masu ƙafa cikin kat-kat, motocin rakiya na biye, mata na guɗa suna matsawa cikin ƙaya don su ba shi wuri. Ya sauka ya yi jawabi mai daɗi a kan yadda daga yau talaka ya huta da tsoron mota. Ya yanke ƙyalle. Da za su juya wuri bai isa ba, sai suka juya cikin tattasan Ba Ari.

Ba a mayar da kututturan ba. Washegari aka ce sai an kwashe runfa da kujeru, kuma mota ce za ta kwashe. Bayan nan aka ce matar wani na naƙuda. Kafin mako ya zagayo kututturan sun zama itacen girki a wani gida. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Direbobi suka gano cewa ga hanya sumul ba rami, kuma tana kewaye wurin da ake tsayar da su a gudron. Ƙananan motoci suka fara, masu ɗaukar tattasai suka biyo, cikinsu har da na Alhaji shugaban komite. Lakar da mata suka ɗauko a ka ta farfashe ta koma gari. Hanyar ba ta da gefe, don ba a yi ta da gefe ba, saboda haka mai keke in ya ji oda sai ƙaya. Ta fi gudron haɗari.

Na bi mutane ɗaya bayan ɗaya ina neman wanda ya ba da umarnin tuge kututturan. Samarin da suka tuge suka ce an ce su tuge. Wanda ya gaya musu ya ce shi ma an ce masa. Alhaji ya ce shi dai ya ji ana cewa mutanen baƙo sun ce. Mutanen baƙo suka ce su ba su ce komai ba, sun zo sun tarar da hanya a buɗe suka shiga, har ma sun yaba da karamcinmu. Duk kwarin nan kowa da garkuwarsa, mutum ɗaya ne kaɗai ya tsaya gaban jama'a ya ce "ni", kuma tsuntsun da ya ja ruwa shi ruwa kan doka. Na je garuruwan da na tara na busa megafon, aka leƙo ta kan shinge aka koma. Wata tsohuwa ta tambaye ni yau kuma gonar wa zan ba direbobi. Ban taɓa jin kunya irin ta wannan lokaci ba, har na fara bi ta bayan gari don kada in haɗu da Ba Ari.

Shi bai neme ni ba, bai kuma kai ƙara ko'ina ba. Wata safiya ya kira ƴaƴansa suka haƙa babban lambatu ya ratsa hanyar daga wannan gefe zuwa wancan, mai zurfi har ƙugu, ya tada injin ya cika shi da ruwa. Gonarsa ce, ruwansa ne. Motar farko da ta zo ta yi ta oda, ya ci gaba da cirar ciyawa. Direbobi suka zage shi suka koma gudron. Masu ƙafa da masu keke su ma suka koma, don ba mai tsallake wannan rami da kaya a ka. Na ga Ya Bintu a gefen kwalta da kwanonta, kamiyo ta wuce ta lulluɓe ta da hayaƙi. Na sauka daga keke don in yi mata magana, ta ce in hau in tafi, tsayuwa a nan ba ta da amfani ga kowa.

Sai bayan an kwashe tattasan shekarar Ba Ari ya aiko in zo. Na tafi ina shirya abin da zan ce, ban samu ba. Na tarar da shi bakin lambatun, Ya Bintu na tsaye gefe. An gicciya gungumen giginya guda a kan ramin, an fafe bayansa ya yi faɗin tafin ƙafa biyu. Can gaba kuma ya bar ƙaya ta sake tsirowa ta matse hanyar, sai siririn wuri da mutum ɗaya zai bi. Ya Bintu ta hau ta ƙetare da kwano a ka ta dawo, don in gani. Mai keke sai ya sauka ya tura. Jaki in ya ga dama.

Daɗi ya kama ni har na kai hannu ga megafon. Na ce yau ɗin nan zan zagaya garuruwa in sanar, kafin magariba kowa ya ji.

Ba Ari ya riƙe mini hannu.

"Don haka na kira ka, Abdu. Ka bar abin nan a rataye. Mata sun sani, su za su gaya wa juna a bakin famfo. In ka yi shela komite za ta ji, in komite ta ji za a zo a buɗe ta, ni kuma ba ni da sauran tattasan da zan yi wa baƙo shimfiɗa."

Ya Bintu ta ce in ina son a sake yarda da maganata, to ga inda zan fara.

Yau shekaru ke nan mutane na bi ta kan gungumen nan safe da yamma, yara da tsofaffi, ba a taɓa buge ko akuya ba. Ba ta da allo, ba ta da suna, ba wanda ya yanke mata ƙyalle. Ni ma ta nan nake bi in za ni wajen, in sauka in tura keke, megafon na lilo a wuyana a kashe. Kun daɗe kuna jira in faɗi sunan garin don ku je ku ɗauko hoto ku sa a waya. Ba zan faɗa ba.